Yadda Ake Zama Kocin Hari a Ƙwallon Jami'o'in Amurka, Ga Mai Farawa Daga Akra

Tun da NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, ta kafa sansaninta na farko a Afirka nan Akra a watan Yunin 2022, zancen ƙwallon Amurka ya shigo majalisun shan ataya na Nima da Mamobi da Madina. Yawancin samari bugawa suke so su yi, suna hangen Ezekiel Ansah, ɗan Akra da ya yi sakandare a Presec, ya tafi jami'ar BYU bai san dokar wasan ba, ya fara a 2010, Detroit Lions ta ɗauke shi a matsayi na biyar a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL a 2013. Wanda shekaru suka ja masa, ko jikinsa bai kai ba, yana da wata ƙofar, wato horarwa. Mike Leach, ɗaya daga cikin waɗanda suka sauya fasalin hari a jami'o'i, lauya ya karanta kuma bai taɓa buga wa wata jami'a wannan wasan ba. A 1989 ma wata ƙungiya yake horarwa a garin Pori na ƙasar Finlan.

Sai dai ka san abin da ake ɗaukar mutum dominsa. Ba don ya iya zana dabaru masu ban mamaki ba ne. Ana ɗaukar wanda ya iya karanta bidiyon wasa, ya kuma iya koya wa yaro ɗan shekara 19 abu guda har ya zauna masa a jiki. Duka biyun ana iya fara koyonsu a filin Kawukudi.

Lissafin da aikin ya ginu a kansa

Kowane ɓangare mutum 11 ne. Fili yadi 100 ne, da gidan ci mai yadi 10 a kowane ƙarshe. Masu hari suna da dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci a sabunta musu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Shiga gidan ci maki 6 ne, bugun ƙafa tsakanin sanduna maki 3. Tsakanin dabara da dabara daƙiƙa 40 ce, kuma a cikinta ne koci zai dubi halin da ake ciki, ya zaɓi dabara, ya aika, yara su jeru.

Biyar daga cikin 11 ɗin 'yan katanga ne, masu lamba 50 zuwa 79, ba a jefa musu ƙwallo. Na shida shi ne kwatabak, mai karɓar ƙwallo daga santa, wato ɗan katangar tsakiya, ya jefa ko ya miƙa. Sauran biyar ɗin su ne koci ke juyawa, kuma ana kiran haɗinsu da lamba biyu: ta farko yawan masu gudu da ƙwallo, ta biyu yawan tait-en, wato ƙaton da ke tare hanya kuma yake cafewa. In ka ji an ce 11, mai gudu ɗaya ne, tait-en ɗaya, masu cafewa uku. In an ce 10, babu tait-en, masu cafewa huɗu ne. Haddace wannan kafin komai, domin da shi ake magana a ɗakin kociyoyi.

Yanzu ga lissafin da ya fi kowanne amfani. Ka jera masu cafewa huɗu. Masu tsaro 11 ne, huɗu sun bi masu cafewarka. In ka hango masu gadi biyu can baya, saura biyar ke nan a gaban katangarka, kuma kana da mutum biyar da za su tare su ɗaya bayan ɗaya, don haka a gudu da ƙwallo. In mai gadi ɗaya ne a baya, shida ne a gaba, akwai ɗaya da ba mai tare shi. Nan ko dai a jefa, ko a bar wa kwatabak wannan mutum ɗaya ya sa masa ido: in ya bi mai gudu a jefa bayansa, in ya tsaya a miƙa wa mai gudu. Wannan shi ne tushen abin da ake kira RPO, wato zaɓin gudu ko jifa, kuma a jami'a ya fi daɗin yi, saboda doka ta bar 'yan katanga su shiga gaba har yadi 3 kafin a yi jifa, alhali a NFL yadi 1 ne kawai. In suka zarce ukun, alƙali ya jefa tuta, a mayar da ku baya yadi 5.

Haka kariyar kwatabak take. 'Yan katanga biyar da mai gudu ɗaya suna iya tare mutum shida. In aka turo na bakwai, babu mai tare shi, kwatabak ne zai rabu da ƙwallo kafin ya iso. Sabon koci yakan zana jifa mai nisa ya manta bai ƙirga masu kutsowa ba, ranar wasa a yi ta kayar masa da kwatabak yana zagin 'yan katanga, alhali laifin na alƙalaminsa ne.

Fara horarwa a nan, da ƙwallon tuta

Kada ka tara yara su yi ta karo a filin tsakuwa ba hular kwano ba sulken kafaɗa. Rauni a kai da wuya ba abin wasa ba ne. Ƙwallon tuta ita ce hanya: biyar da biyar, ba karo, ana fizge ƙyallen da ke ɗaure a ƙugu maimakon kayar da mutum. Za a buga ta a gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028, kuma an yi gasar Afirka ta farko a Alƙahira a 2025, Najeriya ta lashe ta maza da ta mata. Filinta yadi 70 ne a tsawo har da gidajen ci, yadi 25 a faɗi, kusan mita 64 da mita 23 ke nan, rabin filin ƙwallon ƙafa ya ishe ka in ka shata a kwance. Dama huɗu a kai tsakiya, huɗu a ci. Kwatabak yana da daƙiƙa 7 ya jefa, mai kutso masa kuma daga yadi 7 zai taso.

Kayan farawa ba su da yawa: ƙwallo uku ko huɗu, alamomin roba 20, bel mai ƙyalle biyu ga kowane yaro (tela zai ɗinka maka), usur, agogo, da waya mai ɗaukar bidiyo. Nemi yara 12 zuwa 15, ka sanar da iyayensu, ka gaida limami da sarkin unguwa kafin ka kama fili, ka kuma tuntuɓi hukumar ƙwallon Amurka ta Gana don ƙungiyarka ta shiga gasa.

Rana a Akra tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, saboda haka daga bayan la'asar zuwa magariba kana da kusan minti 90. Raba su zango-zango na minti biyar, 18 ke nan, ka rubuta a takarda kafin ka fito daga gida. Uku na ɗumama jiki, biyar na koyon ƙafa da hannu kowa da rukuninsa, huɗu na jifa da cafewa ba masu tsaro, biyar da masu tsaro, ɗaya na shan ruwa a tsakiya. Usur ya tashi a wuce, ko an gama ko ba a gama ba. Babban ciwon sabon koci shi ne wa'azi: ya tsayar da yara minti goma yana bayani, jikinsu ya huce, ba wanda ya riƙe komai. Gyara ɗaya, kalma uku ko huɗu, a sake.

Dabaru shida sun isa kakar farko. Wanda ya zo da talatin zai ga yara suna tunani a inda ya kamata su yi gudu. Leach da Hal Mumme, da suka gina tsarin jifa da aka sani da Air Raid a ƙaramar kwalejin Iowa Wesleyan daga 1989, a kan haka suka tsaya: dabaru kaɗan, maimaici ba iyaka. Ɗaya daga cikin dabarun tsarin, mesh, ta dace da ƙwallon tuta sosai. Masu cafewa biyu suna tasowa daga dama da hagu su gitta juna a zurfin yadi 5 ko 6, kusa ƙwarai har su iya tafa hannu a wucewa. In kowane mai tsaro mutum yake bi, sai su ci karo da juna a magamar, naka ya fita shi kaɗai, ya ci gaba da gudu. In yanki suke tsarewa, naka ya wuce magamar ya tsaya a fili na farko da ya gani, ya juyo da ƙirjinsa ga kwatabak. Abu biyu ke ɓata ta. Ko su bar rata mai faɗi a tsakaninsu mai tsaro ya ratsa, ko naka ya bangaje mai tsaro da gangan, wanda laifi ne. Sa su tafa hannu a kowane atisaye har ratar ta zame musu jiki.

Bidiyo

Nan ne mai nema daga nesa zai iya gogayya da ɗan Amurka, don haka nan za ka zuba lokacinka. Ɗauki kowane atisaye da kowane wasa. A hau bene ko wani tudu, a kwantar da waya, a ɗauko duk 'yan wasan a cikin hoto, kada mai ɗauka ya bi ƙwallo. Bidiyon talabijin yana da wannan aibin, yana bin ƙwallo ya yanke masu gadin baya, su kuwa su ne ke faɗa maka irin tsaron da aka yi. Kociyoyi da kusurwa biyu suke aiki, ta gefe daga sama da ta bayan gidan ci.

Buɗe jadawali a kwamfuta, kowace dabara layi ɗaya. Ginshiƙan su ne: dama ta nawa, saura yadi nawa, a yadi na nawa ƙwallo take, a alamar hagu ko dama ko tsakiya (layukan alama biyu ne da ke bin tsawon fili, a kansu ko a tsakaninsu ake ajiye ƙwallo a fara dabara), haɗin 'yan wasa, yadda suka jeru, gudu ko jifa, sunan dabara, mutum nawa masu tsaro suka sa a gaba, nawa suka kutso, irin tsaron baya, yadi nawa aka ci. Kada ka raina ginshiƙin alama. A jami'a tazarar alamomin biyu ƙafa 40 ce, a NFL ƙafa 18 da rabi, saboda haka a jami'a akwai gefe mai faɗi da gefe matsattse, kuma masu tsaro da yawa suna da gefen da suka saba turo mutum daga gare shi. Ƙungiya takan yi dabara 60 zuwa 80 a wasa. Cike wasa huɗu na ƙungiya ɗaya, sannan ka tace: a dama ta uku da saura yadi 7 ko fiye, me suke yi? Cikin yadi 20 na ƙarshe fa? Amsar a shafi ɗaya, da alƙaluma. Wasan farko zai cinye maka yini, daga baya ya dawo awa biyu ko uku. In ka sa wa tsaro ɗaya suna biyu a wasanni daban, lissafin ya lalace, don haka rubuta jerin sunayenka tun farko ka tsaya a kansu. Manhajar Hudl ce makarantu da yawa ke amfani da ita, ka saba da ita.

Wasannin jami'a ranar Asabar ake yawan yin su, daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, wasa 12 kafin na share fage da na kofuna. Wanda aka fara da tsakar rana a gabashin Amurka ƙarfe huɗu na yamma ne a Akra, daga Nuwamba ya koma biyar. Na dare kuwa sai kusan sha biyu, ka yi shirin data da caji.

Takarda da biza

Yawanci ba a horarwa a jami'a ba digiri. Ƙofar da aka fi shiga ita ce GA, ɗalibin digiri na biyu da ke taimaka wa kociyoyi a biya masa kuɗin makaranta a ba shi ɗan alawus. Yi digirinka a Legon ko KNUST ko Winneba, fannin wasanni ya fi kusa amma kowanne ya yi, ka gama hidimar ƙasa, ka karɓi takardun sakamakonka da wuri domin makarantun Amurka kan nemi a tantance su ta kamfani irin WES. Dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta daɗe tana ɗaure kujerar GA a manyan jami'o'i da sharaɗin kada a wuce shekara bakwai da gama digirin farko, kuma shekara biyu ake yi, uku in karatu ya yi nisa. Dokokin suna sauyawa, sai ka rubuta wa ofishin kula da bin doka na makarantar ka ji wadda ke aiki a shekarar.

Kada ka ɓata lokaci kan Alabama da Ohio State. Jami'o'in rukunin FBS, wato matakin ƙoli na Rukuni na Ɗaya inda waɗannan biyun suke, sun haura 130, kujerun GA a kowace 'yan kaɗan ne, kuma tsofaffin 'yan wasansu ne ke gaba a layi. Nufi Rukuni na Biyu da na Uku, da NAIA, wata hukumar wasannin ƙananan jami'o'i, da kwalejojin shekara biyu, inda koci ɗaya ke riƙe aiki uku kuma yana maraba da mai rage masa nauyi. Saƙonka ya zama gajere: ko kai wane ne, me ka horar, sannan ka haɗa da shafi ɗayan nan na tace abokin hamayyarsu na kaka mai zuwa, da bidiyon minti uku kana koya wa yara abu ɗaya. Aika tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da kujeru ke buɗewa. Taron ƙungiyar kociyoyi ta AFCA a Janairu ake yin sa, can ne ake haɗuwa da masu ɗauka.

In makaranta ta karɓe ka za ta aiko da takardar I-20, ka biya kuɗin SEVIS dala 350, ka nemi bizar F-1 a ofishin jakadancin Amurka da ke Cantonments. Cibiyar EducationUSA tana ba da shawara a Akra da Kumasi, je can kafin ka ba wani ɗan kamasho ko sidi ɗaya. Bizar ɗalibi ta ba ka aiki a cikin makarantarka ne, awa 20 a mako lokacin karatu, ba ta ba ka horarwa a wata makarantar ba sai da izini. Bizar yawon buɗe ido kuwa ba ta aiki ba ce. Yi magana da ofishin ɗaliban waje kan awoyin nan tun kafin ka sa hannu, domin aikin GA yana da cin lokaci.

Makon aiki

Lahadi a duba wasan jiya, a ba kowane ɗan wasa maki a kan kowace dabara, a fara kallon abokin hamayya. Litinin a gina tsarin wasa. Talata a yi atisayen dama ta farko da ta biyu, Laraba ta uku, Alhamis yadi 20 na ƙarshe da minti biyun ƙarshe, Juma'a a bi a hankali ba gudu ko a yi tafiya. Musulmi ya faɗa wa babban koci zancen sallar Juma'a tun ranar farko, kada ya bari sai mota ta tashi. Azumi kuma a 'yan shekarun nan yana faɗowa kusa da atisayen bazara, wanda zama 15 ne.

GA na ɓangaren hari shi ne ke zana katunan da 'yan benci za su duba su kwaikwayi tsaron abokan hamayya. Kati ɗaya da ka ajiye mai tsaro a gurbin da ba nasa ba ya ɓata maimaici ɗaya, kuma NCAA ta ƙayyade wa 'yan wasa awa 20 a mako, huɗu a rana, ba inda za a rama. Da irin wannan ake gane wanda za a riƙe. Tun 2024 an cire ƙayyade yawan ma'aikatan da za su iya koyarwa a fili a Rukuni na Ɗaya, don haka masu tace bidiyo ma yanzu suna taɓa 'yan wasa, amma fita neman sababbin yara a FBS mutum 11 kawai aka yarje wa.

Daga GA sai kocin rukuni: na masu cafewa, na masu gudu, na tait-en, na 'yan katanga, ko na kwatabak. A ganinmu wanda ke son ya zama kodineta, wato shugaban kociyoyin hari, ya nemi zama kusa da kocin katanga ko da ba rukuninsa ba ne, domin mafi yawan masu sanin jifa da ke faɗuwa, a kan kariya suke faɗuwa. Lincoln Riley ya fara taimaka wa Leach yana ɗalibi a Texas Tech a 2003, ya zama GA a 2006, kocin masu cafewa a 2007, kodineta a East Carolina a 2010, ya koma Oklahoma a 2015 inda ya karɓi kyautar Broyles ta gwarzon mataimakin koci, ya zama babban koci a 2017 yana da shekara 33. Wannan saurin ba kowa ke samunsa ba. Chip Kelly ya shafe 1999 zuwa 2006 yana kodineta a New Hampshire kafin Oregon ta kira shi.

Kodineta shi ke kiran dabara ranar wasa, daga takardar da aka raba bisa yanayi. Da yawa suna rubuta dabarun farko 10 zuwa 15 tun kafin wasa, al'adar da aka fi danganta wa Bill Walsh, tsohon kocin NFL, don su ga yadda masu tsaro ke amsa kowane jeri. Tun 2024 a FBS yana magana kai tsaye cikin hular kwatabak, amma ana yanke layin in saura daƙiƙa 15 a agogo. Sunan dabara mai kalma goma sha biyu zai cinye lokacin, a ci ku tarar yadi 5 ta jinkiri. Gajarta sunaye. Kuma kowane mako uku ka tace naka bidiyon kamar na abokin gaba, domin in duk lokacin da tait-en ya tsaya a dama gudu kake yi, sun riga ka sani.

Rabin aikin kuwa neman yara ne, da riƙe waɗanda ake da su, tun da aka buɗe kundin sauya makaranta a 2018, aka kuma halatta wa 'yan wasa samun kuɗi da sunansu a Yulin 2021. Nan ɗan Gana yake da abin da zai kawo: ya san inda dogaye masu gudu suke, ya san takardun WASSCE, zai iya taimaka wa yaro ya cika sharaɗin NCAA na darussa 16 da matsakaicin maki 2.3 na Rukuni na Ɗaya. Amma kada ka karɓi kuɗin iyaye da sunan za ka kai musu ɗa, kada kuma ka yi alkawari da sunan makaranta ba da sanin ofishin bin doka ba. Ɗayansu ya isa ya rufe maka ƙofa gaba ɗaya.

Kodinetoci a manyan jami'o'i akwai masu ɗaukar dala miliyan biyu a shekara, na ƙananan makarantu kuwa albashinsu bai wuce na malamin makaranta ba, kuma kwantiragin mataimaki shekara ɗaya ne ko biyu. In aka kori babban koci a ƙarshen Nuwamba, yawanci da mutanensa ake sallama, ko da rukuninka ya yi kyau. Ga wanda zamansa a ƙasar ya rataya a kan biza, wannan ya fi nauyi, domin takardarsa tana tafiya da makarantar ko da aikin. Ajiye kuɗin wata uku a gefe, da kwafin duk abin da ka tace a wurin da ba kwamfutar makaranta ba in doka ta yarda, da lambobin kociyoyin da suka ga aikinka da idonsu. A hirar ɗaukar aiki alli za a miƙo maka a ce zana dabara ɗaya a kan tsaro iri uku, ka koyar da ita kamar ga sabon ɗalibi, sannan a ƙara mai kutsowa na bakwai a tambaye ka wa zai tare shi.